Takarda na hannu, to mi ka iya?

 

Kowace shekara in damina ta kama, ɗiyanmu da ke karatu Tawa da Yamai da Maradi da Damagaram da Sakkwato suna dawowa gida hutu. Wasu kuma sun dawo ke nan, karatu ya ƙare. Lokacin ne kiran waya ke yawaita cikin shirinmu na matasa, kuma zancen guda ne: aiki. Mun daɗe muna sauraren ɓangarorin biyu, masu neman aiki da masu ɗaukar ma'aikata, har munka lura kowane ɓangare da abin da yake nufi in ya ce "ƙwarewa". Mintocin rediyo ba su isa a baje wanga zance, shi ya sa munka ce bari mu rubuta shi nan, kowa shi karanta a natse.

In ka tambayi ɗalibin jami'a mi masu ɗaukar aiki ke nema, amsarsa ba ta wuce uku. Ta farko takarda: bak ba ta isa, sai lisansi, lisansin ma yanzu ta zama gama-gari, sai masta. Ta biyu Faransanci mai kyau, irin wanda in ka buɗe baki cikin buro za a san an sha karatu. Ta uku kuwa da murmushi mai ɗaci ake faɗin ta, ita ce hanya. Ƴan Nijar ma sun raɗa mata suna da haruffa uku na Faransanci, PAC, wato dangi da abokai da sanayya. Ɗalibi zai ce maka in ba ka da wani babba Yamai, ko takardunka sun cika buhu ba mai buɗe su. Da wuya ka ji ɗaya ya ambaci lissafi, ko riƙon amana, ko zuwa kan lokaci. A ganinsu waɗanga halin kirki ne da kowa ke da shi, ba abin da ake neman aiki da shi ba.

Kada mu yi saurin ce masu ba su san duniya ba. Wanga tunani gado ne, kuma yana da asali. Zamanin iyayenmu, bayan an fara haƙar uraniyum a Arlit cikin 1971, gwamnati na da kuɗi kuma masu ilimin boko ba su da yawa. Wanda ya fito da takarda, kujera na jiran shi. Da farashin uraniyum ya faɗi farkon shekarun 1980, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Lamuni, ɗaukar aikin gwamnati ya ja baya. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Daga ƙarshen shekarun 1990 sai aka koma ɗaukar malaman sa-kai, daga baya malaman kwantaragi. Yau wanda ya gama jami'a, abin da ya fi sa rai shi ne hidimar ƙasa ta shekara biyu, sannan jiran konkur. Shi kuwa konkur da takarda ake shiga: kwafin difloma mai hatimi, takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, takardar kotu da ba ta wuce wata uku ba. Yaron da ya tashi yana ganin yayyensa na haɗa dosiye, ba laifinsa ba ne in ya ɗauka takarda ita ce komi.

Matsalar ita ce ƙofar gwamnati ƙarama ce, masu jiran ta kuma kullum ƙaruwa suke. Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Da can jami'ar gwamnati guda ce, ta Abdu Mumuni a Yamai. A 2010 anka buɗe ta Tawa, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, tare da ta Maradi da ta Damagaram, daga baya sauran jihohi su ma sunka samu nasu. Abin alheri ne, ɗan talaka na Alela ya samu jami'a kusa da gida. Amma kowace shekara ɗalibai na fitowa daga sashen shari'a da tattalin arziki da gudanarwa, kuma ba wata gwamnati da za ta iya ba kowa tebur. Ita kanta gwamnatin ta taɓa nuna cewa takarda kaɗai ba ta gamsar da ita: a 2017 ta yi wa malaman kwantaragi na firamare jarabawar tantancewa, dubbai sunka rasa aikinsu, alhali kowane na da takardar da anka ɗauke shi da ita.

To bari mu bar Yamai, mu duba inda aiki yake nan yankinmu. Malbaza na da masana'antar siminti tun shekarun 1960, kuma an gina sabuwa mai girma. Irin wagga masana'anta tandunta ba ya hutawa dare da rana, ma'aikata bi da bi suke karɓar aiki. Tana buƙatar masu aikin lantarki, makanikai, masu walda, masu gwajin dutse da siminti a ɗakin bincike, direbobin manyan injuna, masu lissafi. Malbaza ɗin dai nan ne anka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana, megawat 7, cikin 2018, ta farko irinta a ƙasar. Galmi na da asibitin mishan tun 1950, marasa lafiya na zuwa daga nesa har da Najeriya. Galmi ɗin ce ta ba albasarmu sunan da anka san ta da shi har Akara da Kumasi da Abijan. Ƙonni na da fadamar noman rani ta gwamnati, sama da hekta 2,400, da ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango, kuma an yi mata babban gyara ƙarƙashin yarjejeniyar tallafi da Nijar ta sa wa hannu da Amurka a 2016. Ga iyaka, ga ƴan duwan da masu fiton kaya, ga kasuwar Laraba ta Ƙonni da ta Lahadi a Illelar Najeriya, ga karar dabbobi ta Badagishiri. Ga ofisoshin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza, kusan kowace unguwa. Ga makarantu masu zaman kansu, shagunan magani, masu gyaran salula, masu kafa faranten hasken rana.

Mun zauna da masu irin waɗanga wurare, manya da ƙanana, a lokuta daban-daban. Ba wanda ya taɓa ce mana yana ƙin mai takarda. Abin da suke ta maimaitawa shi ne, takarda na gaya masu yaro ya zauna aji, ba ta gaya masu abin da zai yi in an bar shi da shago shi kaɗai.

Abin da suke fara ambata amana ne. Mai ofishin aika kuɗi na miƙa wa yaro miliyoyi da safe, da marece yana son lissafi shi daidaita har dala. Mai sayen albasa na tura yaro Tsernawa da kuɗin buhu ɗari, shi yana Ƙonni, abin da yaron ya faɗa ta waya shi zai ɗauka. Mai shagon magani na tsoron wanda zai saida wa mutum maganin da wa'adinsa ya wuce don kada a ce ya yi asara. A irin waɗanga ayyuka ba mai tsaye kanka yana dubawa. Wanda ya ce "na yi kuskure, jika biyu sun ɓace mini" tun kafin a gano, ya fi wanda zai gyara lambobi daraja wurin maigida.

Na biyu lissafi, kuma lissafin kasuwarmu da nasa yare. Ɗalibi ya koyi ƙidaya da Faransanci tun aji ɗaya, da faran yake tunani. Tsohuwa kuwa in ta zo biyan kuɗi da dala za ta yi magana. In ta ce dala ɗari uku da hamsin, dole nan take ka san 1,750 take nufi. In mutum ya ce jika talatin da bakwai da rabi, ka rubuta 37,500 ba tare da ka ɗaga kai ba. Bayan shi wani zai shigo da naira, farashin canji kuma na safe daban na marece daban. Mun san masu lisansin tattalin arziki da za su yi maka bayanin abin da ke kawo tsadar rayuwa tiryan-tiryan, amma su ruɗe gaban wagga tsohuwa, yayin da ƙanensu da ya bar lakwal tun aji shida ya ba ta canji kafin su ciro salula. Ilimin babban bai zama banza ba. Sai dai mai shago canjin tsohuwa yake buƙata yau, bayanin tsadar rayuwa sai gobe.

Na uku harshe, kuma nan ne ɗalibai sunka fi yaudarar kansu. Faransancin jami'a na dogon rubutu ne: gabatarwa, kashi na ɗaya, kashi na biyu, kammalawa. Wurin aiki kuwa shugaba na son rahoton shafi guda. Injin ya tsaya ƙarfe nawa, mi ya tsaida shi, mi anka yi, mi ya rage, nawa zai ci. Wanda ya iya rubuta wanga cikin layi goma, ba kwana-kwana, an fi neman shi bisa mai manyan kalmomi. Sannan ga Hausa. Mu nan gidan rediyo muna karɓar ɗalibai masu sitaj, kuma aikin farko da muke ba su shi ne su maida sanarwar rigakafi daga Faransanci zuwa Hausar da kaka a Alela za ta fahimta. Da yawa nan suke tsayawa cik. Jimla guda sai ka tarar rabinta Faransanci ne, in an ce su rubuta kuma ba su san inda ake sa ɓ da ɗ da ƙ ba. Alhali dokar ƙasa da anka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Malamin gona da ba zai iya yi wa manomi bayanin awon magani da Hausa ba, manomin zai gyaɗa kai ne kawai, ya je ya zuba yadda ya ga dama. Shi kuwa Ingilishi, mu da ke da Sakkwato nan kusa, muna kallon shi darasin da ake neman tsira da maki goma. Mai fiton kaya da ke karanta takardun duwan na ƙasashen biyu ya san kuɗin da wanga harshe ke kawo mashi.

Na huɗu kwamfuta. Kusan kowane ɗalibi na rubuta cikin takardar tarihin karatunsa cewa ya ƙware a kwamfuta. Abin da yawancinsu ke nufi shi ne sun iya WhatsApp da Facebook da TikTok. Amma ƙungiyar manoma da ke da gonaki ɗaruruwa a fadama, abin da take so shi ne wanda zai buɗe Excel, ya jera sunan kowane manomi da girman gonarsa da kuɗin ruwan da ya biya da wanda ake bin shi, ya fitar da jimilla da ba ta gardama. Wanga aiki mako biyu ko uku ya isa a koye shi in an samu kwamfuta da mai nunawa. Wasu ɗaliban kuwa ba su taɓa samun kwamfutar da za su zauna gabanta awa guda ba, kuma wanga ba laifinsu ba ne. Laifin na zuwa ne in mutum ya rubuta ya iya abin da bai iya ba, aka aza shi gaban na'ura ranar farko. Daga ranar maigida ya daina yarda da sauran abin da ke cikin takardar.

Na biyar lokaci da jiki. Mai karɓar aikin dare a masana'anta in ya makara rabin awa, wanda ya kwana tsaye ne zai ci gaba da tsayuwa. Ruwan fadama da rabo ake sakin shi, in mai buɗe ƙofa ya yi latti wata gona ta rasa nata. Motar albasa in ba ta tashi kan lokaci ba, kayan cikinta ruɓa yake. Akwai kuma kunyar da karatu ke sa wa wasu, su ga kamar in sun taɓa baƙin mai ko taɓo takardarsu ta zube. Injiniyan da ake girmamawa wurin aiki shi ne wanda ke iya cire riga ya shiga ƙarƙashin injin tare da yaransa.

Yanzu ga abin da ya fi ba mu mamaki, kuma shi ne dalilin wanga rubutu. Mafi yawan abubuwan nan da masu ɗaukar aiki ke kukan rashinsu, ɗiyanmu na da su, ɓoye su suke. Ɗan Galmi da tun yana kolej shi ke riƙe wa babansa littafin albasa, ya san buhu nawa anka zuba cikin rudu, nawa sunka ruɓe, wane wata ya kamata a saida don kada a karyar da kaya lokacin girbi. Ɗiyar Ƙonni da ke rubuta wa uwarta adashin mata talatin, shekara da shekaru ba a taɓa jin rigima ba. Ɗan Tajaye da ya yi kabu-kabu hutu uku ya biya wa kansa kuɗin rajista da haya. Wanda ya yi karantarwa a islamiyyar unguwa, ya riƙe yara arba'in shi kaɗai. Wanda ya bi kawunsa Illelar Najeriya kowace Lahadi har ya iya canjin naira da ka. Duk waɗanga in sun zo rubuta takardar neman aiki, wurin da anka ce "ayyukan da ka taɓa yi" sai su bar shi fari fat, ko su cika shi da sunan wani taron ƙara wa juna sani na kwana biyu. In ka tambaye su dalili, sai su ce ai wancan aikin gida ne, ba a rubuta shi.

Wa ya koya masu haka? Mu ne, iyaye da malamai da masu magana a rediyo. Mun raba duniya biyu, munka ce ga ilimi can cikin aji da Faransanci, ga wahala nan gona da kasuwa, kuma ana karatu ne don a tsere wa wahala. Yaro ya ji, ya yarda. Sai ya tafi neman aiki ya bar rabin abin da ya iya a gida, ya ɗauki rabin da dubban takwarorinsa ke da irinsa. Mai ɗaukar aiki da ke da dosiye hamsin gabansa, duka lisansi iri ɗaya, neman abin da ya bambanta ɗaya da saura yake. Littafin albasar nan shi ne bambancin.

Ba nan kaɗai ake wanga zance ba. Taron tattalin arzikin duniya da ake yi Dabos, ƙasar Suwizalan, ya fitar da rahoto a watan Janairun 2025 bayan jin ta bakin manyan kamfanoni sama da dubu. Abin da sunka sa gaba cikin ƙwarewar da suke nema shi ne iya nazarin matsala a warware ta, sai juriya da iya sauyawa in hali ya sauya. Sun kuma yi hasashen kashi 39 cikin ɗari na ƙwarewar da ma'aikata ke aiki da ita yau za ta canza ko ta tsufa kafin 2030. Mu ƴan bakin iyaka ba sai an fassara mana juriya ba. Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Mun ga waɗanda sunka durƙushe, mun ga waɗanda sunka juya sunka kama wata sana'a cikin wata guda. Yaron da ya ga ƙaƙa gidansu ya tsallake waɗanga shekaru ya koyi darasin da ba a bayarwa a aji.

Amma adalci shi ne mu juya ga masu ɗaukar aiki, don su ma da nasu. Kuna buga sanarwa kuna neman mai shekara uku ko biyar yana aiki, ga matashin da ya gama bana. Ina zai samo shekarun in kowa ya rufe mashi ƙofar farko? Wasunku na karɓar mai sitaj wata shida, ba ko kuɗin mai, aikinsa dafa shayi da aike, ya fita bai taɓa abin da ya zo koyo ba. Wasu na riƙe yaro shekara biyu da sunan gwaji. Ɗiya mata kuwa nasu ya fi nauyi, don akwai wuraren da ake nuna masu cewa aiki na da wani farashi da ba a faɗi a fili, kuma wanga shi ke sa iyaye da yawa hana su fita nema. In ɗalibi ya ce hanya ita ce komi, wani abu ya gani. Mun san wuraren da anka ɗauki mutum kafin a manna sanarwa.

Duk da haka ya kamata matasa su fahimci abin da ke ƙarƙashin ɗaukar dangi, musamman wurin ƴan kasuwa. In alhaji ya aza ɗan ƙanensa kan akwatin kuɗi, ba lalle ne don ya fi kowa iyawa ba. Ya san in kuɗi sunka ɓace akwai ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Mai tsaya wa yaro yake nema. Tun kaka da kakanni haka kasuwancin Hausa yake: yaro ya zauna wurin maigida shekaru, a gwada shi da ƙaramin abu, sannan babba, ranar da anka yarda da shi a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Wanda ba shi da kawu mai shago, abin da zai maye mashi kawu shi ne shaida: mutum biyu ko uku masu mutunci da za su ce mun ba shi amana ya riƙe. Ita kuwa shaida ba a samun ta zaune a fada ana jiran sakamakon konkur. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

To mi ya kamata a yi? Ɗalibin da ke hutu yanzu, kada ka jira sai ka gama. Je ka wurin ƙungiyar manoma, ko shagon magani, ko gareji, ko makarantar unguwa, ka ce a ba ka aiki wata biyu, ka faɗi abin da kake son koyo. Ranar tafiya ka roƙi takardar shaida mai sa hannu da lambar waya. In za ka rubuta tarihin ayyukanka, rubuta abin da ka yi da adadinsa: buhu nawa ka lissafa, yara nawa ka karantar, wata nawa ka riƙe akwati. Abin da ba ka iya ba kada ka ce ka iya, ka ce kana koyo. Nemi mai kwamfuta ka zauna kusa da shi. Koyi rubuta Hausa daidai, mako ɗaya ya ishe ka. Ka yi rajista da hukumar samar da aikin yi ta ANPE, ka kuma tambayi irin horon da asusun FAFPA ke ɗaukar nauyi. Mai lisansi da ya shiga cibiyar koyon sana'a ya koyi haɗa faranten hasken rana bai sauka ba. Gobe shi zai iya rubuta farashin aiki da yarjejeniya, ya karɓi kwangilar da gwanin hannu marar karatu ba zai iya nema ba.

Iyaye kuma, mu daina yi wa yaro gori in ya dawo da takarda ya kama sana'a. Kalmar nan ta "duk karatun nan a nan ka ƙare?" ta tura matasa da yawa hanyar Agadas, don sun gwammace su yi leburanci inda ba a san su ba bisa su yi shi gaban dangi. Wanda ya tsaya gida ya haɗa karatunsa da gonar babansa, yabo ya cancanta.

Masu masana'antu da shaguna da ƙungiyoyi, ku buɗe ƙofar sitaj ta gaskiya, mai wa'adi, mai aikin yi, da ɗan abin sawa a aljihu ko na mai ne. In za ku ɗauki ma'aikaci, ku aza shi gaban aikin rabin yini ku gani, maimakon ƙirga hatimi. Ku je Tawa ku gaya wa malaman jami'a abin da kuke rasa, don malami ba zai san abin da tandun siminti ko akwatin kuɗi ke buƙata ba in ba ku faɗa mashi ba. Magadan gari su ma suna iya tara ku da ɗaliban gundumarsu sau ɗaya a shekara lokacin hutu, ɗaki da kujeru kawai abin ke ci. In ba a yi haka ba, za mu ci gaba da ganin abin da ke ci mana rai: aiki ya samu a yankinmu a ɗauko mai yin shi daga nesa, ɗiyanmu na zaune da takardu cikin akwati.

Kada wani ya karanta wanga ya ce mun ce a bar karatu. Likita sai da takarda, alƙali sai da takarda, mai gwajin siminti ma haka, kuma yankinmu na buƙatar ninkin waɗanda yake da su. Wanda ke iya kai wa masta ya kai, Allah shi ba da sa'a. Roƙonmu shi ne ranar da zai shiga neman aiki ya shiga da duka abin da ya iya, na aji da na gida.

Mu dai ƙofar shirinmu a buɗe take ga ɗalibai da masu ɗaukar aiki, ku zo ku zauna tebur ɗaya ku gaya wa juna gaskiya. Allah shi buɗa wa matasanmu, shi sa albarka cikin abin da sunka koya, shi ba mu damina mai kyau da zaman lafiya. Amin.